Bakan da Aka Binne a Bayan Coci

Mijina Tord ido ɗaya gare shi, na hagu. Na dama ya tafi a hunturun bara, ranar da bakansa ya karye yana tsakar saitin barewa. Irin bakan nan namu ne mai kunama, wanda ake gicciya ƙarfen a kan ƙota, mutum ya ɗana tsirkiya, ya kwantar da kuncinsa a jikin ƙotar, ya danna kunamar, kibiya ta tashi. Ranar sanyi ya kai sanyi, har itatuwa na tsagewa da kansu a daji. Ƙarfen ya ce ƙas, guntunsa ya dawo da baya ya same shi a ido. Da ƙafarsa ya iso gida, ya toshe fuska da hula, jini ya daskare masa a gemu. Wanda ya ƙera bakan nan ya ba shi kyauta kuwa yayana ne, Botolf, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba wanda ya ɗora wa Botolf laifi. Kowa a kwarinmu ya san ƙarfe ba ya shiri da sanyi mai tsanani: wani ya tsufa a hannunka lafiya, wani ya ci amanarka tun hunturun farko. Botolf ya ɗauki nauyinmu har bazara, ya yi mana huɗa, ya sara mana itace. To amma bana sanyi ya faɗo da wuri ya ƙone sha'ir a gona, tun kafin tsakiyar hunturu na fara haɗa gari da ɓawon itace. 'Yarmu Sigrid ta fara ciwon ciki. Ba makawa Tord ya koma daji, kuma yanzu kuncin hagu zai kwantar a kan ƙota, da idon da ya rage mana.

Baka biyu ne a gabansa. Akwai na Baba Elof, tsohon mafaraucin da gwiwoyinsa suka ƙi, wanda ya ce a ɗauka a riƙa sam masa nama. Na ƙaho ne da jijiya, an manne da danƙon kifi an naɗe da ɓawo. Mummuna ne, ga nauyi, ba ya cin nisa, kuma ba ya son laima. Amma sanyi ba ya yi masa komai, in ma zai mutu a hankali yake mutuwa, ya tsage ya ba ka labari tukuna. Sai kuma sabon na ƙarfe da Botolf ya ƙare rani yana bugawa don ya wanke abin da ke cin ransa.

"Baban Sigrid," na ce wa Tord da safiyar Lahadi muna shirin coci, "ka karɓi na Baba Elof."

"Wannan tsohon ƙashin? Ai sai barewa ta zo ta gaishe ni kafin in same ta da shi."

"To ka matsa kusa mana. Ƙafafunka biyu ne, idon ne ɗaya."

"Ramborg, mutumin nan ya rame a kan ƙarfen nan. Yau zai miƙo min a gaban jama'a, in ce masa me? Na gode, kai wa wani? Da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda ya rage maka," na ce.

Ya ja tsaki ya fice. Na san shi sarai. Tord zai iya tunkarar kowace dabba a daji, amma ba zai iya cewa surukinsa a'a ba.

A harabar coci muka tarar da Botolf, maza sun kewaye shi. Ya kwance bakan daga fatar da ya naɗe shi. Gaskiya ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ƙarfen baƙi wuluk yana sheƙi, ƙotar ta sha gyara, har ya rage mata kauri ta gefen da kuncin hagu zai kwanta. Maza sai shafawa suke suna jinjina kai. Wani ya ce, "Tord, da wannan ko ba ido sai ka ci nama!" Aka yi dariya, har da Tord. Ya cire safar hannu ya miƙa hannu zai karɓa.

"A binne shi," na ce.

Muna da al'ada. Mai karɓar bakan ƙarfe yana da ikon cewa a binne shi cikin ƙanƙara tun safe har a fito daga coci, sannan maƙerin da kansa ya ɗana, ya kwantar da kuncinsa, ya harba kowa na gani. In ya yarda da aikinsa, to ya sa fuskarsa. Amma baƙin maƙera ake yi wa haka, masu zuwa daga birni da kaya a bayan doki. Ba a yi wa ɗan gari, ba a yi wa kyauta, balle ɗan'uwa.

Botolf ya juyo a hankali. "Auta, me kika ce?"

"Na ce a binne shi, Yaya."

"Kyauta ce fa."

"Na baran ma kyauta ce."

Matarsa Valborg ta dafe ƙirji. "Ke Ramborg, kanki ɗaya kuwa? Wanda ya goye ki? Wanda ya ciyar da gidanki?" Tord ya kama min hannu yana cewa in yi wa Allah in yi shiru. Amma magana ta riga ta fita a gaban shaidu. Botolf ya miƙa wa Baba Elof bakan, da yake shi ne babba a wurin. Tsohon ya ɗingisa zuwa bayan coci, gefen da rana ba ta taɓa leƙawa, ya sa aka tona, aka kwantar da bakan aka rufe. Iskar ranar irin wadda ke manne wa mutum gashin hanci ce.

Sai da na zauna a coci sannan abin da na yi ya faɗo mini. Duk kwanakin nan idon Tord kawai nake gani, ban taɓa kawo na Botolf a raina ba. Ga shi can a layin maza, ina hango ƙeyarsa da kunnuwansa da sanyi ya jajanta. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Shi ya ƙera tukunyar da nake girki da ita. Maƙeri kuwa in ya rasa ido, ya rasa abincin 'ya'yansa, kuma ga su nan jere kusa da Valborg, ƙaramin na wasa da igiyar takalminsa.

Limamin coci na ta karatu, ko kalma ɗaya ban ji ba. Na durƙusa zan yi addu'a na rasa abin da zan roƙa. In na ce Allah ya sa bakan ya riƙe, Tord zai ɗauke shi ya shiga daji, can inda sanyi ya fi na bayan coci, kuma ba kowa kusa. In na ce ya karye, a fuskar yayana zai karye. Tsoro ya cika ni. Na so a ce karatun kada ya ƙare.

Da aka fito, Valborg ta tare ni a bakin ƙofa. Yanzu ba faɗa take ba, roƙo take. "Ki janye, don girman Allah. Kalma ɗaya ce. Ki ce kin yafe gwajin."

"In na janye, wa zai fara sa fuskarsa?"

Ta kawar da kai. Ni ma ban iya duban ta ba, na wuce.

Aka tono bakan. Ya yi fari fat, ƙarfen har kama yatsa yake. Aka jingina wani katako a jikin tarin itacen limami, can ƙarshen fili. Jama'a duk suka koma bayan Botolf suka ba da rata, don kowa ya san yadda guntun ƙarfe ke tashi. Tord ma yana cikinsu, ya sunkuyar da kai don kunya. Ni kaɗai na zagaya gefe, inda zan ga fuskar yayana. Baba Elof ya daka min tsawa in matsa, na ƙi. Na ga tunda ni na jawo, ba zan ɓuya a bayan kowa ba.

Botolf ya sa ƙafa a zoben gaban bakan, ya maƙala wa tsirkiya ƙugiyar ɗanawa, ya ja. Ƙarfen ya yi wata 'yar ƙara siririya, na ji ta har cikin haƙorana. Tsirkiya ta hau. Ya ɗora kibiya, ya ɗaga, ya kwantar da kuncinsa. Ya daɗe a haka. Ina ganin numfashinsa na fita fari-fari, da sauri da sauri.

Yatsunsa suka matse kunama. A daidai lokacin ya rintse ido, ya ɗaga kuncinsa daga ƙotar, ya kawar da fuska gefe. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba.

Kibiya ta kafe a gefen katakon. Bakan bai karye ba.

Fili ya kaure da ihu. Valborg ta zube kan gwiwoyinta tana kuka. Tord ya ruga ya rungume Botolf yana cewa, "Ka yafe mana, Yaya, ka san halin ƙanwarka, bakinta ya fi ƙafarta sauri." Ni ma daɗi ya kama ni, don yayana na tsaye da idanunsa biyu. Na ce a raina, yi shiru Ramborg, ba wanda ya gani, kin ci mutuncinsa sau ɗaya ya isa. Sai na ga Tord ya karɓi bakan, ya ɗaga, ya gwada kwantar da kuncin hagu yana murmushi.

"Yaya," na ce, "ka ɗaga kuncinka."

Duk fili aka juyo kaina.

"Ƙarya take!" in ji Valborg. "Me kuma kike so? Sai kin ga jininsa?"

Baba Elof ya ɗaga sandarsa. "Botolf, mu bayanka muka gani. Ita kaɗai ta ga fuskarka. In ka ce kuncinka na kan ƙota, mun yarda da kai, magana ta ƙare."

Botolf bai dube ni ba. Fuskar Tord ya duba, ya daɗe yana kallon wurin da fata ta rufe ramin idon. Kowa ya san abin da amsar za ta jawo masa: maƙerin da ya kawar da fuska daga aikin hannunsa, ba mai sake karɓar baka a wurinsa, a kwarin nan ko na gaba.

"Na ɗaga," ya ce.

"Akwai aibu a ƙarfen ne?" Baba Elof ya tambaya.

"Ban san da wani aibu ba, Baba. Na baran ma ban san da shi ba."

Ya zare bakan daga hannun Tord a hankali, ya naɗe shi a fatarsa, ya saɓa. Jama'a suka dare masa hanya. Na bi shi har bakin shinge ina kira, bai waiwayo ba, Valborg ta tattara yara ta bi bayansa.

Kafin rana ta faɗi Baba Elof ya aiko da bakan ƙaho. Tord ya zauna bakin murhu yana shafa wa tsirkiyar kitse. Da shi ya yi farautar hunturun. Nama bai wadata ba, sau da yawa ya dawo hannu wofi yana zagin nauyin abin, amma mun ga bazara, kuma kullum da idonsa yake dawowa. Botolf ya koma ƙera ƙusa da takalmin doki. In mun haɗu a coci yana gaida Tord, ya shafa kan Sigrid, ya wuce ni. Da za a maimaita ranar, abin da na faɗa zan sake faɗa. Amma ina kewar yayana ƙwarai, kuma gidansa ba nisa, daga ƙofata ina jin bugun gudumarsa.