Zomon Tudun Masussuka

Luba ta tattare zanenta ta faɗa kwalekwalen kafin a hana ta.

"'Yar kwaleji, ruwa ba aji ba ne fa," in ji Hamidu, masuncin da ya zo daga Binuwai lokacin da aka tare ruwa a Tiga.

"Ba ni filafili. Idan na nutse ka ce ni na sa kaina."

Mahaifinta Mainasara yana tsaye a gaɓa. Mafarauci ne. Tun da ruwa ya cinye ƙauyensu ya rantse ba zai taɓa koma ba, gobe ma zai tafi dajin Falgore ya bar su a sabon matsuguni. Luba ta roƙe shi har ta gaji. Yau sai kawai ta ce masa an hango zomo ya maƙale a tudun masussukarsu ta da. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya shigo.

A goshin jirgin akwai wata busasshiyar wutsiya a rataye.

"Ta mece ce wannan?" Mainasara ya tambaya.

Hamidu ya ce, "Kunamar ruwa, Baba. Faɗi gare ta kamar faifai, kuma haihuwa take yi."

"To ba kifi ba ce ke nan."

"Kifi ce," in ji Luba. "Zomo yana shayarwa, ita ba ta shayarwa. Nan suka rabu."

"Muna yara har taka su muke yi a yashi," in ji Hamidu. "Yanzu sai ka shekara ba ka ga ɗaya ba."

"Zomo kam ba ya ƙarewa," in ji Mainasara.

Suna wucewa ta kan kukar da yake shanya fatu, ƙarƙashinta Luba ta koyi tafiya. Rassan sama kaɗai suka rage.

Tudun bai fi faɗin tsakar gida ba yanzu. Zomon na nan ya rame, ko gudu bai yi ba. Mainasara ya taɓa wuƙarsa, ya fasa, ya rungume shi cikin riga.

Da suka dawo gaɓa ya sauke shi. Zomon ya shinshina baƙuwar ƙasa, ya soma cin ciyawa a nan inda aka ajiye shi.

Mainasara ya gyara murya, bai kalli 'yarsa ba, ya dubi Hamidu.

"Kai yaro. Wannan komar taka ta kamun kifi, ta ina ake kama ta?"