Ɗigo Uku a Cikin Tafki

Aila Koskela ba ta cika magana ba a ofishin tsare-tsare na gunduma. Taswira ce aikinta, ita kuwa taswira ba ta bukatar a ɗaga murya. A wannan makon an ce ta nuna yadda jama'a suke zaune a arewacin gundumar, domin kwamitin lafiya zai soke ɗaya daga cikin zango biyu da motar asibitin tafi-da-gidanka ke tsayawa: ko Kivisto, ko Elk Bend. A Kivisto kakarta take, kuma a motar nan ake auna mata hawan jini duk Talata.

Ta yi yadda aka koya mata a jami'a. Ta zuba alƙaluman ƙidaya a manhajar zana taswira, ta sa kowane ɗigo ya tsaya a madadin mutum ashirin, manhajar kuwa ta yayyafa ɗigon cikin iyakar kowane yanki yadda ta ga dama. Kivisto ƙaramin yanki ne, sai ɗigonsa suka cunkushe. Elk Bend faɗi gare shi, nasa suka warwatsu kamar an zubar da gishiri a tebur. Duk wanda ya kalla zai ce Kivisto ce ke da jama'a. Aila ta ji sanyi a ranta.

Gordon Halvorsen, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin, ya tsaya a bayanta riƙe da kofin gahawa.

"Ke 'yar jami'a, waɗannan ukun da ke tsakiyar tafki fa? Ko kifaye ma an ƙirga su bana?"

Ta duba. Ɗigo uku ne zaune daram a cikin ruwan Elk Bend, wasu kuma birjik a fadamar da ko barewa sai ta yi tunani kafin ta shiga.

"Manhaja ce ta watsa su," ta ce a hankali.

"Na sani mana, tsokanarki nake. Bar su su sha ruwa. Tun kina cikin tsumma muke yin ta haka, ba wanda ya taɓa mutuwa." Ya wuce yana dariya.

Ita ba ta yi dariyar ba. Ɗigo uku mutum sittin ne. In ba a tafki suke ba, to ina suke? Ta ɗauko hoton rufin gidaje da aka ɗauka daga sama, ta ɗora a kan taswirar, ta hana manhajar ajiye ɗigo a inda babu gida. Ta danna.

Sai ɗigon Elk Bend suka fito daga ruwa, suka baro fadama, suka jeru a bakin hanya guda, daidai inda motar ke tsayawa. Na Kivisto ba su motsa sosai ba: gona nan, gona can, kowa da nisansa. Mutanen da za su iya takawa da ƙafa zuwa zangon Elk Bend sun ninka na Kivisto.

Ta daɗe tana kallon taswirorin biyu. Ta farkon ba ƙarya aka yi a cikinta ba, alƙalumanta daidai suke, kuma haka ofishin ya saba yi. Da ta miƙa ta, ba mai ce mata uffan. Ta tuna kakarta cikin jar rigar sanyi, tana takawa a dusar ƙanƙara zuwa bakin coci inda motar ke jira. Ta kuma tuna cewa kowane ɗigo na bakin waccan hanyar yana da tasa kakar, sai dai ita Aila ba ta san launin rigarsu ba.

Ranar zaman kwamiti ta kai taswira ta biyu. Ta bayyana dalilin da ya sa ta bambanta da irin wadda suka saba gani. Shugabar kwamitin ta gyara tabarau, ta bi layin ɗigon da yatsa, ta yi tambaya ɗaya ko biyu. Aka soke Kivisto.

A bakin ƙofa Gordon ya ce, "Ba garin kakarki ba ne wancan?"

"Shi ne."

Ya buɗe baki kamar zai yi tsokana, sai ya fasa, ya riƙe mata ƙofa.

Da Asabar ta tuƙa mota zuwa Kivisto. Ta tarar da tsohuwar tana fitar da burodi daga tanda, labari kuwa ya riga ta isowa.

"Ga mai goge mutane daga duniya ta iso. Shigo, kar ki daskare mini a ƙofa."

"Ban goge ki ba, Kaka. Kina nan, ɗigo guda kusa da coci."

"Ɗigo! Shekaruna tamanin, abin da na samu ke nan?"

"Ba ma naki ke kaɗai ba ne. Ku ashirin ne a ciki."

Tsohuwar ta yanka burodin, ta shafa masa man shanu da kauri, ta tura mata. Sannan ta tambaya:

"Gaskiya ne su sun fi mu yawa a can?"

"Gaskiya ne."

"To." Ta share wuƙar a gefen faranti. "Wa zai riƙa kai ni Elk Bend ɗin?"

"Ni. Na roƙa a ofis a ba ni hutun safiyar Talata."

"Da wannan 'yar gwangwanin motar taki? Ki nemo babba. Maƙwabtana ma motar asibitin nan suke jira: Eino ba ya gani sosai, Helmi kuma ta daina tuƙi tun bara. Tunda kin ce ɗigo ɗaya muke, ai ba kya ɗauki rabinsa ki bar rabi ba."