Yatsan Tata Jola

Tun da Mongezi yake wasan kurket, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, bai taɓa ganin ƙartai goma sun koma bebaye a fili ɗaya ba sai ranar.

Wasan ƙarshe ne na gasar Kirsimeti da ƙauyukan Xhosa na bayan garin Alice suke yi in ma'aikata sun dawo gida hutu. Ragon kyauta na ɗaure a gindin wata ƙaya a bakin fili. Rabon ƙauyensu Nkobo da ragon nan tun Mongezi yana saurayi, ga shi yanzu furfura ta leƙo masa a gemu, kuma ya riga ya gaya wa kowa daga bana ya ajiye wasa. Shi ne kyaftin, kuma ragon nan yake so, ba wani abu ba.

Tsaron fili a kurket aikin baki ne. Ƙwallo ta tashi sama, wanda ke ƙarƙashinta ya ce "tawa ce", don kada mutum biyu su gwara goshi. A zuga mai jifa, a tsokani mai bugu har ya manta abin da ya kawo shi. Amma babbar tsawa ita ce ta tambaya. In ƙwallo ta gogi gefen sanda aka cafe, ko ta daki ƙwaurin mai bugu a gaban turakun da yake karewa, alƙali ba zai ce uffan ba ko da a kan idonsa aka yi, sai an juyo an daka masa "Ya ka gani?" Sannan ya ɗaga yatsa, mai bugu ya fita. In ba a tambaya ba har mai jifa ya sake taso da gudu, magana ta mutu.

Alƙalan ranar biyu ne, suna karɓa-karɓa a wajen mai jifa. Ɗaya malamin firamare ne, wanda 'yan Nkobo suke yi wa tsawar da awakin gefen fili ke watsewa. Ɗayan kuwa Tata Jola ne, wato Baba Jola, dattijo mai farar kwat daga wani ƙauye can gaba. 'Yarsa ce Lizo yake nema, ƙanen Mongezi kuma babban mai jifansu, ranar Asabar ma za a je gidan tsohon maganar shanun aure. 'Yan wasan Nkobo kuwa duk dangi ɗaya ne, saboda haka kowane ƙato a cikinsu ya ɗauki kansa suruki.

Mongezi yana can bakin fili, inda ake ajiye mai dogon jifa, ya hango Dumile, mahaucin ƙauyen Zalara da suke karawa da su, ya kai bugu. Zolile, mai tsaron bayan turaku, ya cafe. Sai kowa ya shiga kallon takalminsa. Da aka zo sauya gefe Mongezi ya ƙaraso yana huci.

"Zolile, ta taɓa sandar ko ba ta taɓa ba?"

"Ta taɓa, Bhuti. Har ƙarar na ji." Bhuti, wato yaya, haka duk suke kiransa.

"To bakin naka aro ka bayar?"

"Bhuti, Tata Jola ne fa. Ni zan kora shanun zuwa ƙofarsa."

"Kai kuma ango?"

Lizo ya ci gaba da goga ƙwallo a wandonsa. "Na yi gyaran murya."

"Gyaran murya."

"Sai ya juyo ya kalle ni, na ce masa sannu da rana."

Mongezi ya ja tsaki. Ya koma bakin fili yana cizon leɓe.

Dumile kuwa ba yaro ba ne, nan da nan ya gano lagonsu. Duk lokacin da malamin firamare ya tsaya sai ya lallaɓa ya bar abokinsa da bugu, in Tata Jola ya karɓa sai ga shi da tumbinsa a gaban turaku. "Surukai, a gaishe ku da ladabi," in ji shi. "In kun gama sunkuyawa ku jefo min." Ba a jima ba ƙwallo ta dake shi a ƙwauri, dukan da ko makaho zai ce ya fita. Wani ya ce ayya, wani ya yi tari. Mongezi ya kwarara tambayar daga bakin fili, iskar dutse ta kwashe ta ta yi gaba da ita, matan da ke tsare tukwane suka yi ta dariya.

Haka aka yi ta tsintar 'yan Zalara ɗaya ɗaya a gefen malamin, har ya rage saura mutum guda a fitar, su kuma saura bugu ɗaya mai kyau su ci. Dumile ne a gaban turaku, Tata Jola ne alƙali.

"Ba ni safar hannun nan," Mongezi ya ce wa Zolile. "Je ka bakin fili ka yi ladabinka a can."

Ya tsuguna a bayan turaku. Lizo ya taso, ya saki. Dumile ya kai mata bugu da duk ƙarfinsa, ta gogi gefen sandar, ƙaras, ta faɗa cikin safar Mongezi. Ya miƙe, ya cika ƙirji da iska, ya ɗaga hannuwa.

Daga can bakin fili Tata Jola farar kwat ne kawai. Daga nan kuwa mutum ne, hannuwansa a baya, yana kallon Mongezi ido cikin ido. Tun rasuwar mahaifinsu Mongezi ne babba, shi ne zai tsaya a ƙofar tsohon nan ranar Asabar, hula a hannu, yana kiran sunayen kakanninsa har a ce a shigo. Ya saki iskar da ya tara a hankali.

"Tata," ya ce, a muryar da ko Dumile da ƙyar ya ji.

Tsohon ya karkato kunne, yana jira. Mongezi ya sauke hannuwa ya mayar wa Lizo ƙwallo. Lizo ya sake tasowa, Dumile ya ɗaga ta har cikin tukwanen mata.

'Yan Zalara suka kwance rago suna waƙa. Mongezi ya zauna a ciyawa, haushin kansa ya fi na kowa. Zolile ya tsaya a kansa. "Bhuti, daga can ban ji sosai ba. Gyaran murya ka yi ko gaisuwa?"

Kafin ya sami amsa sai ga Tata Jola yana tuɓe kwat. Duk suka miƙe.

"Sau uku mutumin nan yana fita," in ji tsohon. "Yatsana har ya yi tsami a bayana."

"Tata, nauyinka muka ji."

"Nauyina. Matata 'yar Nkobo ce, tun jiya ta jiƙa masara da wake tana jiran naman ragon nan. Me zan je in ce mata?" Ya naɗe kwat ɗin ya saɓa a kafaɗa. "Ranar Asabar ku nemo mai baki ku zo da shi. A gidana ma ba na ba da abin da ba a tambaya ba."

Ya wuce. Can a hanyar Zalara ana jin ragon yana kuka, ana jansa.