Ɗiyar da Tani Ta Ɓoye Ma Allah

Ni Laraba, danga ɗaya ta raba ni da Tani a Taloka, kuma wallahi shekara bakwai ina jin haushinta. Ɗiya huɗu ta binne. Da ta haihi ta biyar, anka yi abin da aka saba yi ma wabi: anka aje jinjirar bisa juji, ni na ɗauko ta kamar tsintuwa. Liman ya raɗa mata Zinariya, uwar ta ce Ajuji.

To, ai nan ya kamata a tsaya. Ina! Har yarinya ta tasa, ba kitso, ba lalle, ba ko sannu. Yarinya ta ɗauko ruwa tun daga gulbi, ladanta harara.

Ran nan na kasa haƙuri. "Ke Tani, mi ɗiyar ga ta yi miki?"

Ta ja ni bayan rumbu, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, kin ga yaran hakimi in sun zo amsar hatsi da kaka? Damen da mai gona ke kallo, shi suke ɗauka. Haka Allah ya yi mini sau huɗu. Duk wanda na yi ma rawa, sai ya amshe. Wannan ba zai san ina sonta ba."

"Astagfirullahi! Wanda ya zuba nono a ƙirjinki tun ba ta zo ba, shi kike ma kallon ɗan ƙwace?"

Ta ce, "Ke naki suna raye." Na juya na koma gida.

Da damina masassara ta kwantar da yarinyar. Kwana uku ni ke jinyarta, Tani tana ƙofar ɗaki tana daka, idonta jawur, ta ƙi shiga. Ran na huɗu yarinyar ta kama zanena. "Gwaggo, ki ce ma Inna ta yi haƙuri. In na warke, zan riƙa cika tulun."

Na ji taɓarya ta faɗi. Tani ta shigo da rarrafe, ta rungume ta, tana ihu. "Ya Allah, ga ni, na daina ɓoyo! Ina sonta! Kai ka ba ni, ka san ina sonta. Zinariyata!"

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar, ta dubi ɗakin, ta dube ni.

"Inna," ta ce, "wace ce Zinariya?"

Ba ta kai la'asar ba, rai ya yi halinsa.