Dodo Mai Kunne Uku

Ni malamin kimiyya ne, kuma shekara biyu ke nan ina fitowa a talabijin duk Asabar ina tona asirin dodanni. Tsarin shirin ba wuya. Masu kallo su aiko da dodon da aka tsorata su da shi suna yara, a zane ko a wasiƙa, ni kuma in auna, in yi lissafi, in nuna ba zai rayu ko minti biyar ba. Mai fitar da wuta ta baki, na nuna harshensa zai fara gasawa. Wanda ya fi bene tsayi, ƙafarsa za ta karye kafin taku na biyu. Ana ta dariya, kaina yana ta kumbura. Har a gidan mai ana kirana Mahaucin Dodanni, ban kuma taɓa cewa a daina ba.

Ranar da nake son ba da labarinta, saura minti biyu a kunna kyamara mai shirya shirin ta miƙo min kwali. Ta ce yau abin ya zo da jiki, ba zane ba. Dodo ne na tsumma, girman kyanwa, ɗinkin hannu, ya koɗe har ba a gane launinsa. Kunnensa uku, na ukun a tsakar ka. An maƙala masa takarda ba suna: wai yana jin kukan yaro komai nisa, ya kai wa uwarsa labari.

Na ce yau kakata ta yanke saƙa. Na ajiye na'urar auna sauti kusa da kunnen nan na uku, na ɗauki ƙararrawa ina kaɗawa ina ja da baya. Kafin in kai ƙofar ɗakin shirin allurar na'urar ta kwanta. Na ce wa masu kallo dodon da bai ji ƙararrawa daga taku ashirin ba, ina zai ji kuka daga wata unguwa? Sai na ɗauki almakashi, na ce bari mu ga abin da ke cikinsa, na farke shi daga wuya zuwa ciki.

Ƙyallaye suka zubo a kan tebur, na yadi shuɗi mai zanen ƙananan kifaye. Rana ba ta taɓa ganinsu ba, launinsu na nan kamar jiya aka yanko.

Zanen ɗaurawar mahaifiyarmu ne. Ina shekara shida aka kwantar da ita a asibiti, wata huɗu, ba ta kuma dawo ba. Yayata tana da sha uku. Ita ta ɗinka min dodon nan, ta ce in na yi kuka zai ji, ya faɗa wa Mama, ciwonta ya ƙaru. Nakan rungume shi in haɗiye kukan. Duk wannan ya dawo min a tsaye, da almakashi a hannu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na gane, amma ban tsaya ba. Fitilar kyamara na kunne, barkwancin ya riga ya zo bakina. Na ɗaga ƙyallayen na ce, "Ga shi kun gani, ba hanji, ba zuciya." Mai ɗaukar hoto ya yi dariya har kyamara ta girgiza.

Washegari da hantsi na ɗauki kwalin na nufi shagon ɗinkin Yaya. Sau biyu ina wuce ƙofar kafin in shiga. Na same ta tana fama da zare da ramin allura, tabarau a kan hanci. Ta ce lale da malamin talabijin, ta ture yadi daga kan benci ta ce in zauna. Ta tambayi iyali, na amsa ina kallon ƙasa. Ta ce ta ga shirin, maƙwabta ma ta kira suka kalla tare, don ta faɗa musu yau ƙaninta zai ga abin da zai ba shi mamaki.

Na fara kame-kame, ina cewa ba a rubuta suna ba, kuma a gurguje aka ba ni. Ta buɗe kwalin tana mayar da ƙyallayen cikin dodon ɗaya bayan ɗaya.

"Na'urar taka ta ce ba ya ji ko?"

Na ce haka ta nuna, Yaya.

"To, ita ta sani. Ni dai na san ka daina kuka."

Ta zura zare ta fara haɗa cikin da na farke, da irin ɗinkin nan nata ƙanana. Na ce ta yafe min. Ta ce ba komai, tsumma ne, yanzu zai koma. Na tambaye ta me ya sa ta aika shi gidan talabijin, bayan shekara talatin tana ɓoyonsa, ba ta kawo min gida ba.

Ta cije zaren, ba ta ɗago ba.

"Wata bakwai ina kiran wayarka ba ka ɗauka. Na ce bari in aiko mai kunne uku, ko shi za ka ji."