Ranar da Kalanguna Ya Yi Murabus

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini, ga kuma yadda ya kasance.

Muna zaune a zauren Sarkin Kiɗa Bawale, shugaban ƙungiyarmu, muna gwaji saboda wani biki da za mu yi wa kiɗa bayan la'asar. Na saɓa kalanguna na matsa shi, sai kalangun ya yi gyaran murya.

"Tanimu," in ji shi, "sauke ni mu yi magana."

Na sauke shi a kan tabarma. Shekara ashirin da uku muna tare, tun ranar da mahaifina ya cire shi daga kafaɗarsa ya rataya mini, amma ban taɓa jin ya kira sunana ba sai ranar.

"Na gaji da zaman hammata," ya ce. "Na samu gona a bayan gari. Gyaɗa zan noma."

Ya yi sallama da kowa, ya mirgina ya fita. Ba wanda ya yi mamaki. Sarkin Kiɗa ya dubi agogonsa, wanda ke tafiya da baya, ya ce mini, "Ka samo wani abin kiɗa kafin la'asar. In ba ka samu ba, ka koma cikin masu tafi."

"Ranka ya daɗe, da furfurata zan koma tafi?"

"Su ma mutane ne."

Sai ga ni a ƙofar Ofishin Rabon Kayan Kiɗa. Ana ruwa, daga ƙasa yake tashi zuwa sama, don haka kowa ya kifar da lemarsa ya tsaya a ciki. Wata akuya mai tabarau ce ke zaune a kan tebur. Ta ba ni takarda na cike, na miƙa mata da hannu biyu. Ta tauna ta haɗiye.

"An shigar," ta ce.

"To Hajiya, wanne zan ɗauka?"

"A nan ba a ɗauka. Su ke ɗauka. Ɗaki na uku."

A ɗaki na uku kayan kiɗa sun jeru a kan benci, ni kuma aka ba ni kujera ƴar tsugunno. Algaita ce ta fara.

"Kumbura kumatunka mu gani."

Na kumbura iya ƙarfina.

"Wannan na hura koko ne," ta ce. "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Garaya, wadda ta saba da mafarauta, ta tambaye ni wace dabba na taɓa kashewa. Na ce ɓera, sau biyu.

"Ɓera guda ka kashe sau biyu?"

"A'a, kowa da ranarsa."

Ta kau da kai. Can gefe akwai wata jita ƴar birni da waya a wutsiyarta. Ita tambayarta ɗaya ce, ko ina da wuta a gida. Na ce in an kawo. Ta ce to in an kawo in dawo.

Sai na tsinci kaina a gona. Kalanguna na sanye da malafa, yana shema da fartanya. Na yi masa sannu da aiki, ya amsa kamar ya ga wani maƙwabci.

"Ka dawo," na ce. "Zan rage matsa ka. Zan sauya maka tsirkiya."

"Ba tsirkiya ba ce, Tanimu. Lokaci ne."

"To ranar da na haɗu da Baba, me zan ce masa?"

Ya dakata da shemar. "Babanka ma akwai ranar da ya sauke ni ya tafi, ban riƙe shi a zuciya ba. Matsa, ka taka mini kunya."

Na matsa. Na zauna a gindin wata ƙirya na yi kuka. Hawayen suka bi sama, suka jiƙa mini hula.

Da na koma ofis an kusa tashi, akuyar ta fara cin labule. Kayan kiɗa duk sun sami masu su, benci ya zama wayam. Zan juya ke nan sai na ji tari a bayan ƙyaure. Wata tsohuwar kukuma ce, tsirkiyarta guda, ƙoƙonta da ɗinki a gefe.

"Inna, ke ba ki yi tambaya ba ɗazu," na ce.

"Ba a ba ni benci ba. Mai ni ya rasu da daminar bara. Tun daga nan duk wanda ya zo sai ya rataya rigarsa a kaina."

"Ni ma nawa ya tafi noma."

"Na ji labari."

Na ce mata gaskiya ban iya ta ba, ban taɓa riƙe izgar da ake goga ta da ita ba a rayuwata.

"Ni ma ban iya ka ba," ta ce. "Ɗauke ni a hankali, bayana na ciwo."

Wurin bikin cike yake, kowa ya juya kujerarsa yana fuskantar bango, don a garin nan da ƙeya ake kallo. Masu tafi sun gyara mini wuri a tsakiyarsu. Na wuce su, na zauna a hannun daman Sarkin Kiɗa. Ya dubi kukumar, ya dube ni.

Na ja izga. Ƙarar da ta fita irin ta ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba ce. Wani ya yi salati.

"Sake," in ji kukumar ƙasa-ƙasa. "Kada ka matsa ni. Ni ba a matsa ni."

Na sassauta hannu na sake ja. Wannan karon abin ya yi kama da kiɗa. Wata dattijuwa ta miƙe, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta fara takawa. Sarkin Kiɗa ya buɗe baki zai ɗauki waƙa, sai wani daga bayanmu ya shigo da bugu, kam, kam, kam, ba tare da an gayyace shi ba. Na waiga in tsawata masa.

Na buɗe ido, rana ta riga ta fito. Kafinta ne a kan rufin maƙwabcina, yana buga kwano. Na jima a kwance ina saurara. Hannunsa ba laifi, amma yana sauri a bugu na huɗu. Na tashi, na zura silifas, na fita in gaya masa.