Waƙar da Gwaggo Ta Haɗiye

Tun bara Ikram take yawon lungunan cikin gari da wayarta, tana naɗar hirar tsofaffi don digirinta na biyu, a kan mutanen da aka kawo Kano a ɗaure da yadda jikokinsu suka saje da gari. Wahala kam ta sha ta. Da ta ambaci bauta, sai tsoho ya tuna bai yi alwala ba. Wata tsohuwa a Ƙofar Ruwa har tsintsiya ta rarumo mata. Ashe abin da take nema yana nan cikin gidansu a Ƙofar Na'isa, a ɗakin Gwaggo 'Yardada, ƙanwar kakanta.

Wata rana da hantsi ta ji Gwaggo tana rarrashin jaririn maƙwabta da wata waƙa. Ba Hausa ba ce, ba Fulatanci ba, ba Barbarci ba.

"Ta kakata ce," in ji Gwaggo. "Tana yarinya aka ɗauko ta daga wasu duwatsu can kudu, aka sake mata suna Arziki. Ta ce sunan garinsu yana can ƙarshen waƙar. Ni ban san ma'anarta ba, haddacewa kawai na yi, kuma ba wanda ya iya ta sai ni."

Ikram ba ta ɓata lokaci ba, ta kai labarin makaranta. Malaminta na jami'a ya ce in ta kawo waƙar cikakkiya, akwai masana harsuna da za su iya gano yaren, wataƙila har garin. Sai dai kafin ta kai ga naɗar waƙar, maganar ta kai kunnen babanta, Malam Mamman.

"Ke kina da hankali kuwa? Ana tsakiyar binciken auren ƙanwarki?"

Gaskiyarsa. Dangin Nazeer, saurayin ƙanwarta Sumayya, mutanen Ƙofar Nassarawa ne masu ji da asali, kuma a lokacin suna bin unguwa suna tambayar su wane ne kakannin yarinya, kamar yadda aka saba kafin a sa rana. Kalma ɗaya a kan bauta ta isa su naɗe tabarmarsu.

"Ki bari a ɗaura aure," ya ce. "Waƙa ba guduwa za ta yi ba."

Waƙa ba ta gudu ba, amma Gwaggo ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi sama-sama, koko ma sai an ɗura. Hankalin Ikram ya tashi ƙwarai. Ta roƙi Baba har da durƙusawa, ya kaɗa babbar riga ya fice masallaci. Ta je wajen Sumayya neman goyon baya, ita kuma ta riƙe mata hannu tana kuka: "Yaya, don girman Allah ki rufa min asiri. Ina son sa." Ikram ta rasa inda za ta sa ranta. Ko a aji take, kunnenta yana gida, tana tsoron kiran da zai ce an yi rasuwa.

Ran nan bayan la'asar, Gwaggo ta ɗan farfaɗo. Ta ce, "Ina 'yar bokon nan? Kawo abin naki, kafin in tafi da ita."

Ikram ta saki labule, ta kunna waya, ta kara a bakinta. Gwaggo ta lumshe ido ta fara, murya siririya kamar zare. Ko baiti biyu ba ta kai ba aka rangaɗa sallama a tsakar gida. Wa za a gani? Hajiya Jamila, gwaggon Nazeer, ta zo dubiya da ledar lemo da ayaba. Kafin a yi wani abu ta ɗaga labule ta shigo, Gwaggo kuwa ido a rufe, waƙarta kawai take.

Hajiya ta zauna, ta kasa kunne. "Ikon Allah! Wannan wane yare ne? Ikram, ke da kika yi karatu, gaya min."

Sumayya tana bakin ƙofa da tire a hannunta. Ikram ta dube ta, ta dubi wayar. Sai ta ce:

"Ba yare ba ne, Hajiya. Sambatu ne, na zafin ciwo."

Waƙar ta tsaya cak. Gwaggo ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon Ikram, sannan ta ce, "Haka ne, Hajiya. Sambatu ne. Sannunki da zuwa."

Baƙuwa tana fita Ikram ta zube gaban gadon. "Gwaggo, ki yafe min. Ta tafi. Don Allah ki ƙarasa, ko a kunne ki raɗa min."

Gwaggo ta juya ta fuskanci bango. "Kakata ma in ta yi, haka ake ce mata. Na zaci ke daban ce."

Ba irin roƙon da Ikram ba ta yi ba, safe da yamma, har ta kai Gwaggo tana jin takunta sai ta rufe ido kamar mai barci. Aka ɗaura auren Sumayya lafiya lau, aka sha biki. Ba a gama mayar da tukwanen aro ba Gwaggo ta cika.

Ikram ta kai wa malaminta ɗan abin da ta samu. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce ya yi kaɗan, ba a kai ga sunan garin ba. Ya miƙa hannu zai sake kunnawa, ta yi wuf ta karɓe wayar. Ta san abin da ke biye da muryar Gwaggo: sallama, sai tambayar Hajiya, sai muryarta ita kanta, tar, wadda ta fi komai fitowa a cikin naɗin.